Yaya ake saukar da ƙaramin katamaran ruwa in babu gangare?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Ina da Hobie 16, wato ƙaramin katamaran: jirgin ruwa ne da iska ke turawa ta ƙyalle, jikinsa dogayen ganguna biyu ne masu iyo da aka haɗa da ƙarafan gicciye. Tsoho ne amma lafiyarsa ƙalau. Inda nake ajiye shi dab da ruwa ne, sai dai babu rairayi, babu gangaren siminti. Katangar dutse ce aka gina don kada ruwa ya ci gaɓa, kuma daga samanta zuwa fuskar ruwa ya kai mita 1.5. Gangaren da kowa ke amfani da shi yana da nisa. Kafin in kwantar da sandar ƙyalle, in ɗaure jirgi a tirela, in isa can, in sake tayar da sandar, iskar da na fito dominta ta kwanta. Yawanci ni kaɗai nake fita. Akwai wanda ya san dabarar da mutum ɗaya zai saukar da jirgi daga irin wannan wuri ba tare da ya illata shi ba?

Kabiru:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai da ni ne, tsohon kafet zan shimfiɗa a bakin katangar, in jiƙa shi da ruwa, in tura jirgin a hankali har ya sulale. Wannan jirgin fa don wahala aka ƙera shi. Hobie Alter, mai ƙera waɗannan jirage, ya fito da Hobie 14 a 1968 ne musamman don a riƙa hawa da shi kan rairayin Kalifoniya da gudu, kuma 16 ɗin ƙarinsa ne. Babu allon da ke leƙowa ta ƙarƙashin jirgi da zai karye, allunan sitiyari kuma da kansu suke ɗagawa in sun taɓa ƙasa.

Injiniya Sa'adatu:
Kabiru ƙanena, duk abin da ka faɗa a kan tarihin jirgin haka yake, amma hawa rairayi daban, faɗowa daga katanga daban. A rairayi nauyin yana bazuwa a tsawon cikin gangunan biyu. A bakin katanga kuwa, akwai lokacin da rabin jirgi zai kasance a sarari, rabi a ƙasa, kilo 145 gaba ɗaya ya taru a wuri ɗaya da bai wuce faɗin tafin hannu ba a kowace ganga. Faiba, wato abin da aka ƙera gangunan da shi, tana jure ja da gogayya fiye da yadda take jure a danne ta a gefen dutse. Kuma da zarar tsakiyar nauyi ta wuce bakin katangar, jirgin zai rinjaya gaba, baya ya ɗaga sama, mai turawa ba shi da sauran iko da shi. Sannan ga babbar tambaya: to ya sauka, yaya za a dawo da shi?

Baba Ɗanjuma:
Injiniya, Allah ya yi miki albarka, nan ne gaɓar maganar. Saukar da jirgi abu ne mai sauƙi, nauyinsa ma zai taya ka. Duk dabarar da za a kawo a nan, a auna ta da dawowa: da yamma, mutum ya gaji, hannu ya jiƙe, iska ta ƙaru, ruwa na buga jirgin da katanga. In dabarar ba ta aiki a wannan hali, ba dabara ba ce.

Nura Walda:
Baba, a ganina ƙugiyar ɗagawa ce maganin wannan. A kafa ƙarfe mai kauri a bayan katanga, a zuba masa kankare, a yi masa hannu mai juyawa, a rataya cenbulok a bakinsa. Ka ɗaga jirgi, ka juya hannu, ka sauke shi a ruwa cak. Dawowa ma haka. Ba gogayya, ba ja. Kilo 145 ai ba komai ba ne a wurin cenbulok, injin mota ma ana ɗagawa da shi.

Injiniya Sa'adatu:
Malam Nura, cenbulok zai ɗauka, wannan ba gardama. Gindin ƙarfen ne abin ji. Faɗin jirgin ya ɗan haura mita 2.4, ke nan ƙugiya sai ta fita aƙalla mita 1.2 daga katanga kafin gangar ciki ta tsira, a ƙara ɗan fili don kada ta gogu, a ƙara tazarar da ke tsakanin ƙarfen da bakin katanga. Hannun zai kai mita 2 ko fiye. Jirgi da kayansa a ce kilo 160, sau mita 2, duk wannan ƙarfin yana ƙoƙarin tumɓuke gindin ne. Kuma ƙasar da ke bayan irin wannan katanga galibi cike ta aka yi, ba ta da ƙarfin ƙasar asali. Mutum zai iya ture katangar da kansa.

Na biyu, sandar ƙyalle. Tsayinta mita 8 ne, tana tsaye a kan ƙarfen gicciye na gaba, ga wayoyi na riƙe da ita dama da hagu da gaba. Tsakiyar nauyin jirgin ba ta da nisa da bayan sandar, can ne kuma ƙugiya za ta tsaya. Hannun ƙarfen sai ya ratsa tsakanin wayoyin. Malam Habu kuwa ya ce kwantar da sanda ne abin da yake gudu.

Nura Walda:
Ana iya shiga ta bayan wayar gefe, Injiniya, akwai fili tsakaninta da bayan jirgi. Na yarda da maganar gindi, sai an haƙa da zurfi an ja baya daga katanga. Amma kada a kashe dabarar. Masu ƙananan jirage da yawa da ƙugiya suke sauka a wuraren da babu gangare.

Injiniya Sa'adatu:
Ban kashe ta ba. Wanda zai bi ta dai ya kula da igiyoyin ɗagawa. Mutane na son gajerta su don kada ƙugiya ta yi tsayi, alhali duk yadda igiya ta kwanta haka nauyin da ke kanta yake ƙaruwa. Igiya biyu in suka tashi digiri 60 daga kwance, kowacce na ɗauke da ɗan abin da ya haura rabin nauyi. In suka kwanta zuwa digiri 30, kowacce na ɗauke da nauyin jirgin gaba ɗaya, kuma suna matse gangunan zuwa ciki. A ɗaure a kusurwoyi huɗu inda ƙarafan gicciye suka haɗu da ganguna. Kada a ɗaure a tsakiyar ƙarfen gaba, don an ƙarfafa shi ne ya jure dannawar sanda daga sama, ba ja zuwa sama ba.

Baba Ɗanjuma:
Abin da ya zo mini a rai shi ne jigo, irin wanda ake ɗebo ruwa da shi: dogon itace a kan turke, nauyi a baya, kaya a gaba. In aka sa duro cike da ruwa a ƙarshen baya, mutum ɗaya zai ɗaga jirgi da hannu ɗaya, kuma nauyin baya zai rage wa gindi wahalar da Injiniya ke faɗa.

Injiniya Sa'adatu:
Baba, lissafin daidai ne muddin jirgin na rataye. Hatsarin yana lokacin da ya taɓa ruwa. Da ruwa ya karɓi nauyin aka kwance ƙugiya, duron baya zai faɗi da ƙarfi, gaban itacen ya yi sama, mutum kuma yana tsaye a ƙarƙashinsa. Sai dai in za a ɗaure gaban da igiya kafin a kwance, ko a sa wa duron famfo a zubar da ruwan tukuna. In an zubar kuwa, sai an sake cika lita 200 kafin a ɗauko jirgi da yamma.

Baba Ɗanjuma:
Haka ne 'yata. To a ajiye wannan.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ga Malam Habu: in ka bi gaɓar dama ko hagu, babu inda katangar ta ƙare, ko da laka ce ko ciyawa? Don ni da tayoyin rairayi nake aiki kuma ban ga abin da ya fi su ba. Ƙarfe ɗaya ne dogo, da manyan tayoyi masu laushi biyu, da mazaunin ganga a kowane gefe. Ka tura shi ƙarƙashin jirgi har ya zo daidai tsakiyar nauyi, ka ɗaure da igiya a wayoyin gefe, sai ka ɗaga goshin jirgi da hannu ɗaya ka yi ta tafiya. Sirrin yana cikin iskar taya: kaɗan ake sawa ƙwarai, don tayar ta baje a kan yashi maimakon ta nutse. Tayar baro ko ta babur yanka yashi take yi, sai ka ga mutum na gumi jirgi bai motsa ba.

Malam Habu:
Hajiya na gode. Akwai inda katangar ta ƙare, amma filin wani ne kuma an kewaye shi da waya. Ta ɗaya gefen kuma duwatsu ne manya. Tayoyin ina da su, da su nake kawo jirgin bakin katanga. Daga nan ne aikinsu ke ƙarewa.

Kabiru:
To a haɗa da mota mana. A jingina katako biyu daga katanga zuwa ruwa, a ɗaura igiya a bayan mota, in za a sauka a yi baya a hankali, in za a fito a yi gaba.

Hajiya Rabi:
Kabiru, mutum ɗaya fa aka ce. Wanda ke cikin mota ba ya ganin jirgi, kuma mota ba ta jin lokacin da abu ya maƙale. Hannunka zai gaya maka cewa ganga ta kauce daga katako, mota kuwa ci gaba da ja za ta yi har sai wani abu ya tsinke. In igiyar mai talewa ce, ta tsinke ta dawo da ƙugiya a bakinta, Allah ya kiyaye. Amma katako biyun da ka ambata, nan na ga haske.

Injiniya Sa'adatu:
Ni ma nan nake so mu tsaya, don gangaren katako shi ne abin da zan ba da shawara a kai. Lissafinsa a fili yake. Ƙarfin da ake bukata a ja kaya sama a gangare shi ne nauyin kayan sau tsayi, a raba da tsawon gangaren, sai a ƙara gogayya. Tsayi mita 1.5 ne. In katakon mita 4.5 ne, kashi ɗaya cikin uku na nauyin za ka ja, wato sama da kilo 50. In mita 6 ne, kashi ɗaya cikin huɗu, kilo 40. Amma a lura, ƙarshen katakon ba a fuskar ruwa zai tsaya ba, sai ya shiga ciki ya zauna a ƙasa, ko a ɗaura masa abin da zai sa ya yi iyo. Saboda haka zurfin ruwan da ke gindin katanga yana cikin lissafi.

Kilo 40 da gogayya ya fi ƙarfin hannu kai tsaye, amma wasa ne a wurin ƙaramin winci, wato injin naɗe igiya da ake juyawa da hannu, irin na tirela. A kafa shi a turke mai ƙarfi can baya. Abu ɗaya nake roƙo: a sayi mai birki a jikinsa. Wincin tirela na gama-gari yana da haƙorin da ke riƙewa in ana ja sama, amma in za a sauke sai an cire haƙorin, sai ya zama hannunka kaɗai ke riƙe da jirgi. In mariƙin ya kuɓuce, juyawa zai yi da gudun da zai karya yatsa ko haƙarƙari.

Kabiru:
Anti, ba za a iya amfani da igiyar jan babban ƙyalle ba? Ai tana da tayoyin igiya da ke ninka ƙarfi sau 6.

Injiniya Sa'adatu:
Tunani mai kyau, amma abin da ka samu a ƙarfi za ka biya shi a tsawo. Ninki 6 a gangaren mita 6 yana son igiya mita 36, wadda ke jirgin kuma ba ta kusa da haka. Ninki 4 da igiya mita 24 da ɗan ƙari zai wadatar, in mutum ya fi son igiya da winci.

Nura Walda:
To Injiniya, matsalar da kika faɗa wa Kabiru tun farko ba ta tafi ba. A saman gangaren, inda ƙasa mai kwance ta haɗu da katako mai gangara, jirgin zai sake rinjaya a kan wuri ɗaya.

Injiniya Sa'adatu:
Madalla, ka kama ni a daidai wurin da ya kamata. Mafita biyu ce. Ko dai gangaren ya fara tun daga baya, a ɗaga ƙarshensa na sama a kan ƙafafu, jirgin ya riƙa kwana a kansa a karkace, ta yadda babu lanƙwasa ko kaɗan a hanyarsa. Ko kuma jirgin ya hau keke: firam mai mazauni huɗu, biyu a kowace ganga, da ƙananan tayoyi da ke bin dogo. Sai ya zama keken ne ke shan lanƙwasar, ganguna na zaune lafiya. Na farkon ya fi sauƙin ƙerawa. Na biyun ya fi kyau ga jirgi.

Nura Walda:
In dai keke ne, wannan aikina ne. Ƙarfe mai kusurwa biyu a kife su zama dogo, tayoyi masu tsagi a tsakiya su hau kai, ba za su kauce ba. A ɗaure dogon biyu da ƙarafan gicciye don kada su buɗe. Abin da zan ƙara: kada a sa boris a tayoyin da za su shiga ruwa. Ruwa na wanke giris, yashi ya shiga, boris ya ci kansa. Taya ta roba mai tauri a kan ƙusa mara tsatsa ta fi daɗewa.

Baba Ɗanjuma:
Kafin ku gama ƙera dogo, bari in tuna muku da hanyar da ta girmi dukkanmu. Masuntan gaɓar Tamil Nadu a Indiya itatuwa suke ɗaurewa su zama jirgi, in sun dawo su kwance, su ɗauki kowane itace daban su shanya. James Wharram na Ingila ma ƙananan jiragensa irin su Hitia da Tiki 21 da igiya ake ɗaure ƙarafan gicciyensu, don a kai kowace ganga bakin ruwa ita kaɗai a haɗa a can. Wanda bai sayi jirgi ba tukuna kuma ya san wurinsa irin na Malam Habu ne, ya duba wannan, ko kuma irin na hurawa da iska kamar MiniCat da ake ɗauka a jaka. Ga Hobie 16 dai ban ba da shawarar ba. Kusurwoyinsa ba a yi su don kwancewa kullum ba, in suka saki jirgin zai riƙa murɗewa a ruwa, gudunsa ya ragu.

Kabiru:
Baba, tun da an koma tarihi, Misirawan da ma jiƙa yashi suke yi. Akwai zane a kabarin wani basarakensu mai suna Jehutihotep da ke nuna mutum na zuba ruwa a gaban abin da ake jan gunki a kai, kuma masu bincike a Jami'ar Amsterdam sun gwada a 2014 suka ga yashi mai ɗan laima na rage ƙarfin ja zuwa kusan rabi. In ruwan ya yi yawa kuma sai abin ya lalace.

Hajiya Rabi:
Gaskiya ne, shi ya sa masu rairayi ke bin inda ruwa ya janye ya bar yashi da tauri. Amma ja a yashi, jiƙaƙƙe ko busasshe, yana cinye cikin ganga sannu a hankali har faiba ta fito fili. Wanda ba shi da tayoyi ya yanka bututun roba mai kauri guda uku ko huɗu, ya jera su a gicciye, ya riƙa ɗauko na baya yana kaiwa gaba. A ƙasa mai tauri birgima suke yi, a yashi kuma jirgin ya zame a kansu. Ko ta yaya dai sun fi ja a ƙasa.

Malam Habu:
Ina biye da ku, Allah ya saka da alheri. Wani maƙwabci ya ce in huta da duk wannan, in jefa anka in bar jirgin a ruwa. Me kuka gani?

Baba Ɗanjuma:
Kada ka yi, Malam. Irin waɗannan jirage ba a yi su don kwana a ruwa ba. Fatar ganga za ta yi ƙuraje, gansakuka ta kama, sanda ta kwana tana girgiza dare da rana har ƙusoshin wayoyi su gaji. In iska mai ƙarfi ta shiga ƙarƙashin shimfiɗar da ke tsakanin gangunan biyu kuma, sai ka wayi gari ka tarar da shi a kife. In lallai sai a ruwa, a yi masa dandamali mai iyo: duro na lita 200 yana ɗaukar kusan kilo 200 kafin ya nutse, shida sun isa su riƙe katako da jirgi da mutum. A karkata gefe ɗaya ya kusa taɓa ruwa, a ja jirgin ya hau, a ɗaure shi tam. Kai kuma ka sauka da tsani.

Injiniya Sa'adatu:
Baba, wannan na da kyau a ruwan da ke kwance. A inda raƙuman ruwa ke dukan katanga su dawo, dandamalin zai sha wuya fiye da jirgin. Malam Habu ne ya san halin ruwansa. Kuma in wurin na da hukumar da ke kula da gaɓa, a tambaya kafin a kafa komai, dogo ne ko dandamali.

Kabiru:
Saura tambaya ɗaya: da goshi za a sauka ko da baya?

Hajiya Rabi:
Da baya, a ganina. Goshin Hobie 16 siriri ne, ba ya ɗaukar nauyi, a gangare mai tsauri nutsewa zai yi kafin ya taso. In baya ne ya fara shiga, goshi na kallon winci, dawowa ta zo da sauƙi: ka shigo da goshi, ka maƙala ƙugiya, ka ja. A ɗaga allunan sitiyari a kulle su sama, a tabbata an murɗa matosan magudanar da ke bayan kowace ganga, don su ne za su fara shiga ruwa. Ƙyallen kuma kada a ɗaga shi a saman katanga sai in iska na fuskantar goshi. In daga gefe take, a sauka da sanda tsirara, a ɗaure jirgi a ruwa ya juya ya fuskanci iska, sannan a ɗaga, igiyar ƙyalle a sake.

Nura Walda:
Malam Habu, ka ɗaga kai ka duba sama ma, tun daga inda jirgin ke kwana har bakin katanga. Sandar alminiyom ce, kuma in jirgi ya karkata a gangare, kanta na kaiwa inda ba ta kaiwa a tsaye. Wayar lantarki ta kashe masu irin wannan jirgi, har kamfanin ya koma yin ƙarshen sandar da faiba saboda haka. Ko taka na da wannan ƙarshen, kada ka dogara da shi.

Malam Habu:
Babu waya a wajen, sai reshen bishiya ɗaya da zan sa a sare. Na karkata ga dogo da keke da winci mai birki. Injiniya, me zan auno miki kafin Malam Nura ya yanka ƙarfe?

Injiniya Sa'adatu:
Abu uku, Malam. Zurfin ruwa a gindin katanga da kuma a nisan mita 4 da mita 6 daga gare ta, a lokacin da ruwa ya fi janyewa. Irin ƙasar da ke ƙarƙashin, ka caka sanda ka ji laka ce ko tsakuwa, don in laka ce ƙafar dogon sai an yi mata faffaɗan takalmi. Sai filin da ke bayan katanga har zuwa inda turken winci zai tsaya: jirgin ya haura mita 5, saboda haka ƙasa da mita 7 zai matse ka. Ka turo da hoton katangar daga gefe ma, ina so in ga ko duwatsun saman a ɗaure suke da siminti ko jera su kawai aka yi.